Danƙon Sitika a Jikin Jirgin Faiba: Kananzir, Sifirit, Asiton ko Tayar Roba?

Bayan sallar La'asar wani maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, in ba sauri kake ba, zo ka duba mini wani abu a gareji." Na bi shi. Jirgin ruwa ne na faiba, wato zaren gilas da aka daskarar da ruwan roba, fari, mai cin mutum kamar goma. Na hannu ya saya a bakin dam ɗin Tiga, aka ɗoro masa shi zuwa cikin gari don a yi masa kwaskwarima kafin ya koma ruwa. Tsohon mai shi ya manna masa suna da wasu ratsi shuɗi tun daga goshi har baya, duk da sitika. Yaran gidan sun zauna sun ɓamɓare ledar tas, amma gam ɗin yana nan daram. Kwana uku ƙurar Kano na sauka a kansa, sai ga sunan ya sake fitowa, wannan karon da launin ƙasa, ana karanta shi tun daga bakin ƙofa. A gefe guda kuma ga galan ɗin tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, wanda wani ya ba shi shawara ya sayo.

Na ce, "Alhaji, an taɓa jirgin da wannan?"

Ya ce, "Ba a kai ga taɓawa ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi. A ɗauke shi daga nan tukuna."

Sana'ata yanka sitika da manna ta: a jikin adaidaita sahu, motocin haya, allunan shaguna, gilasan ofisoshi. Mai mannawa kuwa dole ya iya cirewa, domin duk wanda ya sayi abin hawa na hannu, ko aka gama zaɓe ya ga hoton da ke bayan motarsa ya ishe shi, wurinmu yake dawowa. Tambayar kowa ɗaya ce: da me zan goge? Ni kuma ba na amsawa sai na tambaya: a jikin me? Kusan duk ruwan da zan ambata a nan yana iya cin gam. Inda suka bambanta shi ne abin da kowannensu zai yi wa fatar da ke ƙarƙashin gam ɗin, da abin da zai yi wa mai gogewar.

Jirgin faiba ba fenti ne a jikinsa ba, in dai yadda ya fito daga kamfani yake. Wannan farar fata mai sheƙi ana ce mata jelkot, wani ruwan roba ne mai launi da ake fesawa a cikin mazubi kafin a shimfiɗa zaren gilas a bayansa. Kaurinta ya kai kusan rabin milimita. Fentin mota na kamfani kuwa, duk hawa-hawansa in an haɗa, bai fi kashi ɗaya bisa goma na milimita da 'yan kai ba. Wato jelkot ya fi fenti jure wahala nesa ba kusa ba. Amma kafin ka saki jiki, tabbatar jirgin naka ba a taɓa bin sa da fenti ba. Jiragen da suka daɗe a Tiga ko Challawa ko Watari, da yawa an yi musu faci an shafe da fentin gwangwani. Duba gefen kusoshi da ƙarƙashin baki: in ka ga wani launi na leƙowa daga ƙasa, ko sawun buroshi, to fenti ne, kuma dokar fenti za ka bi. Haka kwale-kwalen katako mai fentin mai, haka adaidaitar da aka sake wa feshi a bakin titi. Waɗannan su ne marasa ƙarfin fata. Sai kuma garkuwar iska ta roba da ke gaban wasu jirage, da murfin fitilu, da kujerun leda: su ne ke fara lalacewa, kuma ba sa gyaruwa.

Gam ɗin ma iri biyu ne. Sitika mai kyau, irin su Oracal da 3M da Avery, gam ɗinta na akirilik ne, garai yake kamar ruwa, yana jure rana, kuma yana daɗa kama jiki da tsufa. Sitika mai araha da salatif na kwali sau da yawa gam ɗinsu na roba ne, wanda in ya sha rana yakan yi rawaya, ya yi yauƙi, daga baya ya bushe ya zama ɓawo. Na roba da an sa masa abu mai maiƙon fetur yake narkewa. Na akirilik ba ya narkewa sosai, kumbura yake ya yi laushi, sai ka mulmule shi ka kwashe. Sanin wannan yana hana mutum fushi da tsumma, domin wanda yake jiran gam ɗin akirilik ya narke kamar sukari a shayi zai yi ta ƙara ruwa yana baza danƙon zuwa inda babu shi a da.

In har ba ka riga ka cire sitikar ba, to rabin aikin yana hannunka tun yanzu. Yawan gam ɗin da zai rage ya danganta da yadda aka ja ledar. In ta yi sanyi, kamar da safiyar hunturu, karyewa take ƙanana-ƙanana ta bar komai a baya. In ta yi zafi fiye da kima, ledar ta miƙe ta rabu da gam ɗinta, shi ma ya zauna. Abin da ake nema ɗumi ne wanda tafin hannu zai iya jurewa. A Kano daga Maris zuwa Mayu rana kaɗai ta isa: a bar jirgin ya sha hantsi, a ɗaga gefe da farce, a riƙa ja a hankali ba fizga. In gam ya fara zama, a sauya yadda ake karkata hannu ko a rage sauri. Lokacin sanyi na'urar busar da gashi ta wadatar. Bindigar zafi ta masu aikin fenti tana haura digiri 500, kuma in aka tsayar da ita wuri ɗaya tana ƙona jelkot ya yi rawaya ko ya tashi ƙuraje. Ban hana gwani ba, amma ba na miƙa wa yaro ita.

Yanzu ga ruwayen.

Kananzir shi ne na fi yawan ɗauka, kuma shi zan fara ba kowa shawara a kan jelkot da fentin kamfani. Amfaninsa a rashin gaggawarsa yake. Ba ya tashi da wuri, saboda haka yana samun lokacin ratsa gam. Yadda nake yi: in jiƙa tsumman auduga, tsohuwar singileti ta fi, in shimfiɗa a kan gam ɗin, in rufe da leda don kada iska ta shanye, in bar shi minti biyar zuwa goma. In na ɗaga, sai in sa tsohon katin ATM in tura gam ɗin gefe guda. Za ka ga yana tattaruwa a bakin katin kamar cingam da aka tauna. A share bakin katin a takarda, kada a mayar da shi jiki. Kan gam na roba sau ɗaya ya isa. Kan tsohon gam na akirilik sai an maimaita sau biyu ko uku. Aibinsa uku ne. Yana barin maiƙo, wanda in ba a wanke da sabulu ba sabuwar sitika ba za ta kama ba. Yana kumbura robar da ke bin bakin jirgi in ya daɗe a kanta. Na uku shi ne wanda ya fi damuna: kananzir na gaskiya sai ya kai wajen digiri 38 yake fitar da tururin da wuta za ta kama, to amma a Afrilun Kano iska kanta tana kai 40, balle jikin jirgin da ke rana. Ga kuma gurɓataccen kananzir da ake haɗawa da fetur, wanda ya sha fasa fitilu da risho a ƙasar nan. Shinshina kafin ka saya, kuma a inuwa za ka yi aiki. Tsada ma ya yi, har ya wuce fetur a lita, sai dai abin da aikin ke ci bai fi kwalba ɗaya ba.

Fetur shi ne abin da kowane ɗan adaidaita yake fara miƙa hannu gare shi, don yana nan a tanki, tsumma kawai za a tsoma. Ba zan ce ba ya aiki ba. Yana cin gam na roba nan take, ya fi kananzir sauri. Amma a jirgin ruwa na hana shi gaba ɗaya, kuma ina so a fahimci dalili. Fetur ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da tururi mai kama wuta. Tururin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi. A jikin mota yakan zube ƙasa iska ta kwashe. Jirgi kuwa kwano ne. Tururin yana gangarawa cikin cikinsa ya kwanta, a ƙarƙashin kujeru da daben katako, ba ka ganinsa, hancinka ma ya saba da warin. Sai wani ya zo ya taɓa kan batir, ko ya jona injin huda, ko a tayar da janareta a gefe. Garejin Alhaji rufaffe ne, kuma janaretan gidan a kusurwarsa yake. Ban da wuta, fetur yana ɗauke da sinadarin benzin da ke shiga jiki ta fata da numfashi, yana kuma dusar da sheƙin fenti mara ƙarfi, yana barin rawaya-rawaya a farin jelkot da ya tsufa ya buɗe ƙofofi. Saurin da yake ba ka bai kai wannan kasadar ba.

WD-40, gwangwanin nan shuɗi da rawaya da ake samu wurin masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa, tun 1953 aka haɗa shi a Amurka don kore danshi da hana tsatsa, ba don gam ba. Amma da yake akasarinsa ruwan man fetur ne mai sauƙi, yana yin kusan aikin kananzir, kuma feshinsa na isa lungu. In ɗan wuri ne kamar tafin hannu, ya yi. In ratsi ne mai tsawon jirgi, za ka ƙarar da gwangwani biyu a aikin da kwalbar kananzir za ta yi, kuma maiƙonsa ya fi wuyar wankuwa. Man gyaɗa kuma, wanda iyayenmu mata ke cire takardar farashi da shi a jikin kwano, gaskiya ne yana yi wa sabon gam na takarda. Gam ɗin da ya shekara biyar a rana ba ya jin sa. Ƙura da tururuwa kawai zai tara maka.

Akwai ruwan da aka yi musamman don wannan aiki. Wasu ana haɗa su da sinadarin da ake tatsowa daga ɓawon lemo, shi ya sa suke ƙamshin lemon zaƙi, irin su Goo Gone. Wasu kuma na masu fentin mota ne, kamar mai cire gam na 3M. Gaskiyar magana, a kan gam na akirilik sun fi kananzir. Abin da kananzir zai yi a zagaye uku su a ɗaya ko biyu suke yi, kuma na lemon yakan zo da ɗan kauri, yana tsayawa a jikin da yake tsaye maimakon ya zurare. Matsalarsu samu da tsada. Ba kowane shago ke da su ba, sai manyan kantuna ko a yi oda, kuma akwai jabu. Ƙamshin lemon kada ya ruɗe ka: shi ma yana kama wuta, yana busar da fatar hannu, yana kuma taɓa wasu robobi. In jirgin sabo ne mai tsada, ko motar da kake ji da ita, kuɗinsu bai ɓaci ba. In tsohon jirgin kamun kifi ne, ban ga dalilin wahalar nema ba.

Sifirit na kemis mutane suna raina shi saboda in an zuba a kan gam mai kauri ba ya yin komai, tashi yake kafin ya ratsa. Ba a wurinsa aka sa shi ba. Shi na ƙarshe ne. Bayan kananzir ya kwashe mai yawan, aka wanke da ruwan Omo, akwai wani siririn danƙo da ido ba ya gani sai yatsa ya ji. Wannan sifirit ke ɗaukewa, ya kuma tafi da sauran maiƙo, ya bushe bai bar komai ba. Duk mai shirin manna sabuwar sitika ba shi da makawa sai shi. A kan jelkot da fentin kamfani da gilas lafiya lau ne. A kan fentin gwangwani a gwada a ɓoyayyen wuri, don yakan ɗan ɗebo launi. A kan garkuwar iska ta roba kuma kada a bar shi ya jima.

Asiton shi ne wanda ake saɓani a kansa, kuma kowane ɓangare da gaskiyarsa. Shi ne babban sinadarin da ke cikin yawancin ruwan goge jan farce, kuma masu ƙera faiba da shi suke wanke kayan aikinsu. A kan jelkot tsantsa, shafa ɗaya da sauri ba ta cutarwa, tana kuma ɗauke gam ɗin da ya gagari kowa. Amma a digiri 56 yake tafasa. A zafinmu kafin ka kai tsumma jiki rabinsa ya tashi, sai ya narkar da gam ya gudu ya bar shi a baje, ya fi da faɗi. Mai gogewa sai ya ƙara zubawa, ya ƙara dannawa, a nan ne jelkot ke fara dushewa. In za ka yi amfani da shi, ɗan wuri kaɗan-kaɗan, da sassafe, tsumma biyu a hannu: ɗaya jiƙaƙƙe ya shafa, ɗaya busasshe ya bi bayansa nan take. Kada a jiƙa a rufe da leda yadda ake yi wa kananzir. Kuma kada ya kusanci fenti kowane iri, ko garkuwar roba, ko murfin fitila, ko jirgin roba da ake hura wa iska. Ɗigo ɗaya a kan garkuwar roba yana barin farin tabo kamar hazo, har abada. Wajen kama wuta kuwa ɗan'uwan fetur ne, saboda haka duk abin da na faɗa kan tururi a cikin jirgi ya hau kansa.

Sai tina, wadda Alhaji ya sayo. Tinar da ake sayarwa a galan haɗe-haɗe ce ta sinadarai masu ƙarfi, kuma ba ka san me ke cikin wadda ka samu ba, don ta yau daban ta gobe daban. An yi ta ne don ta narkar da fenti, kuma aikinta take yi. Na taɓa ganin ɗan adaidaita ya zo da kekensa, ya goge hoton bayan da tina, rawayan fentin ya biyo tsumma har farar shimfiɗar ƙasa ta fito, siffar hoton sak. Garin neman gira ya rasa ido: aikin da kwalbar kananzir za ta gama ya koma sai an sake feshin bayan gaba ɗaya, ga kwana biyu ba fita aiki, ga balas na jiransa. Jirgin Alhaji kuwa, da na duba gefen hagu, akwai faci biyu da aka shafe da farin fenti. Da tina ta bi ta kansu da sun tashi. Wurin da na yarda da tina kaɗai shi ne gilashi na gaske da ƙarfe ko alminiyon da ba fenti. Man birki ma wasu na ambata. Shi fenti yake ci ba gam ba, a bar shi a birki.

Abin kankarewa ma zaɓi ne, kuma ɓarnar da na gani ta hannu ta fi ta ruwa yawa. Reza a kan gilashi kaɗai, a kwance, da ruwan sabulu. A kan jelkot kuskure kaɗan take jira ta yi rami. Soson ƙarfe da koren soson wanke-wanke suna cire gam, su bar zane dubu wanda sai rana ta haska za ka gani. Katin roba shi ne daidai, in bakinsa ya yi kaushi a sauya wani. Da hunturu a ƙara kula: ƙurar da ta manne a gam yashi ce, in ka murza ta a bushe ka zama mai goga samfefa. A fara wanke wurin da ruwa da sabulu, ya bushe, sannan a sa kananzir.

Tayar roba ita ce ta sauya mini aiki a kan manyan ratsi. Faifai ne na roba mai laushi, kamar abin goge fensir, ana ɗaura shi a bakin injin huda. Yana murje leda da gam tare, su zube kamar dusa, ba ruwa ba wari. Ta 3M an rubuta mata iyakar juyi 4,000 a minti, kuma ta fi aiki a ƙasa da haka sosai. Injin huda na gida daidai ne. Injin yankan ƙarfe na masu walda yana juyi fiye da 10,000, in aka ɗaura ta a kansa tarwatsewa za ta yi ko ta ƙone jikin. Sirrinta kada a danna, kada a tsaya: gefen tayar ya riƙa lasar wurin kana tafiya, kana taɓawa da bayan hannu, in ya yi zafi ka koma wani wuri. A kan jelkot da fentin kamfani tana da kyau ƙwarai, musamman ga sitikar da ta tsufa ta tsattsage wadda ba ta ɓamɓaruwa. A kan roba da fentin bakin titi kada a gwada, zafin gogayya yana naɗe su. Inda ba ta burge ni ba shi ne gam mai taushi da aka riga aka cire wa leda: yakan yi zafi ya shafe maimakon ya murje. Sannan ba a haɗa ta da ruwa mai kama wuta a lokaci ɗaya, don injin huda yana tartsatsi a cikinsa. In za a yi duka biyun, taya ce farko, ruwa daga baya, bayan an zare waya daga soket.

Mu dai ga yadda muka yi da na Alhaji. Washegari bayan Asuba muka turo jirgin waje ƙarƙashin dalbejiya, aka cire batir aka kai cikin gida. Muka wanke ƙurar. Na raba wa yaran safar hannu da katuna, kowa da taku biyu na ratsi, ni ina bi ina shimfiɗa tsumman kananzir ina rufewa da leda. Ratsin gefe zagaye biyu suka ɗauka. Sunan da ke goshi, inda rana ta fi duka, ya yi gardama, sai da na bi wasu haruffa da asiton, ina kauce wa facin nan biyu. Kan facin kananzir kaɗai na sa, shi ma ban bar shi ya wuce minti uku ba. Kafin azahar mun wanke da Omo sau biyu, na bi da sifirit.

Alhaji ya fito ya tsaya daga nesa, ya ce, "Malam, ai har yanzu ina ganin sunan."

Na ce, "Sa hannu ka shafa, Alhaji."

Ya shafa. Sumul, ba danƙo ko kaɗan.

Wannan shi ne wurin da mutane da yawa ke ɓata jirginsu, don haka a kula. Abin da ya rage ba gam ba ne, inuwa ce. Shekarun da sitikar ta yi tana rufe da wurin, rana tana cin sauran jikin, yana koɗewa yana yin gari-gari kamar alli, har yana ɗan zaizayewa. Wurin da aka rufe ya tsira da launinsa da sheƙinsa na asali, wani lokaci har za ka ji ya ɗan fi kewayensa tudu. Ba ruwan da zai goge wannan, ko ka juye galan ɗin tina a kai, domin ba wani abu ne ya hau wurin ba, kewayen ne ya tsufa. Maganinsa a taso da kewayen: a bi gefen gaba ɗaya da man goge fenti mai ɗan gari, wanda masu fenti ke kira kwamfawun, da injin folish ko da hannu in akwai juriya, sannan a shafa kakin kariya. In inuwar ta yi zurfi, gwani yakan bi da samfefar ruwa mai laushi, lamba 1000 zuwa 1500 zuwa 2000, kafin kwamfawun. Jelkot yana da kaurin da zai ɗauki haka sau ɗaya ko biyu. Fentin mota ba shi da wannan rarar, a bar wa mai fenti. Wanda kuma ba ya son kashe kuɗi, in ya bar jirgin a rana wata da watanni inuwar takan ragu da kanta, ko ya tsara sabon rubutun ya hau kan gurbin tsohon. Alhaji wannan ya zaɓa a goshi, gefuna kuma aka yi musu kwamfawun.

In ka tambaye ni a tsaye a bakin shago, ga yadda zan raba maka. Jirgin faiba da ba a taɓa yi wa fenti ba, leda ta riga ta fita: kananzir da kati, sabulu, sifirit, asiton ga ɗan abin da ya gagara. Leda tana nan ta tsattsage, kuma da yawa: tayar roba. Akwai fenti a jiki, ko kana shakka: kananzir ko na lemo na ɗan lokaci, bayan gwaji a ƙarƙashin kujera ko wani lungu, ba asiton ba tina. Garkuwar iska da fitilu: ruwan ɗumi da sabulu da yatsa, in ya ƙi a ɗiga kananzir kaɗan a wanke nan da nan. Alminiyon tsirara da gilashi suna ɗaukar kusan komai, sai dai huhunka da hannunka ba sa ɗauka, saboda haka safar hannu da fili mai iska ba a sasanta su. In sabuwar sitika za a manna, a manna ta bayan sifirit kafin a shafa kaki, don gam ba ya kama kaki, kuma a ba ta kwana ɗaya ko biyu kafin jirgin ya shiga ruwa.

Duk wannan aiki a tudu ake yin sa, nesa da gaɓa. Na san sauƙin da ke cikin tsayawa a bakin dam a goge a ɗauraye a wurin, amma cokali ɗaya na kananzir yana shimfiɗuwa a fuskar ruwa ya rufe fili mai faɗi. Ruwan Tiga shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, shi ke kuma bin kogin Kano, daga kogin nan matatar Tamburawa ke ɗiba ta turo mana famfo, kifinsa kuma shi muke saya a kasuwa. Tsummokaran da muka yi aiki da su a gidan Alhaji mun shanya su a fili sun bushe, nesa da janareta da wurin girki, sannan muka ƙulle su a leda tare da dunƙulen gam ɗin aka kai bola. Galan ɗin tina kuwa ko buɗe shi ba a yi ba, ya mayar wa mai shagon aka canza masa da kwamfawun.